Ranar da Shinkafa Ta Je Wurin Hajiya Mariyatu da Kanta

Idi ɗana ne, ni na haife shi, shi ne autana. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce ƙazafi nake yi masa. Abin da zan ba da labari a ƙofar gidana ya faru, a nan Zongon Lome, kuma rabin unguwa sun gani da idonsu.

A tashar jirgin ruwa yake aiki, wurin da ake sauke tsofaffin motocin da ake kawowa daga Amurka. Shi bai taɓa zuwa Amurka ba. Kwatano ma da ya je, da ciwon ciki ya dawo. Amma tun da ya fara buɗe ƙofofin motocin nan yana shaƙar iskar da ta rage a cikinsu, ya ɗauka shi ma ɗan can ne.

Bikin jikata Zahida ya matso, 'yar babban ɗana Ubaidullahi. Angon, Samir, yaron kirki ne daga unguwar Hedzranawe. Abin da ya dame ni shi ne gwaggonsa, Hajiya Mariyatu. Ni da ita mun tsufa muna sayar da atamfa a kasuwar Adawlato, rumfata na kallon rumfarta, kuma ba ta taɓa yabon ko da ɗankwalin da na ɗaura ba. Ranar da aka sa rana, a gaban mata ta ce, "Za mu zo mu ga yadda gidan Kulsum ke karɓar baƙi. An ce hannunsu na rawa wurin zuba nama." Maganar ta tsaya mini a wuya. Na ce a raina sai Mariyatu ta ci abinci a gidan nan har ta kasa tashi daga tabarma.

Ana saura 'yan kwanaki ƙafata ta kumbura, likita ya ce in zauna wuri ɗaya. Ina zaune da ƙafa a kan matashi sai ga Idi ya shigo da waya a hannu.

"Inna, kalli nan."

Wani tsohon majigi ne. Turawa a cikin ƙaton ɗaki, mota tana tafiya a kan doguwar roba, wannan ya sa mata taya, wancan ya ɗaure mata fitila.

"Shekara ɗari da suka wuce, Inna, mutanen Amurka kamar mu suke. Doki suke hawa, fitilar kananzir suke kunnawa, matansu na wanki da hannu. Sai wani mutum ya shimfiɗa wannan robar, bel ake ce mata. Ya ce kowa aiki ɗaya zai yi, kada ya motsa daga inda yake, aikin ne zai zo ya same shi. Shi ke nan ƙasa ta juye. Talaka ya sayi mota, rediyo ya shiga kowane ɗaki, mata suka yanke gashinsu suka fita aikin ofis."

"Suka yi me?"

"Sun rage gashi, Inna. Ba shi ne muhimmi ba."

"Shi ne muhimmi. Allah ya shirye su. Ci gaba."

"Hatta cin abinci sun canza. Aka daina zama ana jiran a kawo. Kowa ya shiga layi ya ɗauki nasa. Ni kuma na zauna na yi nazarin majigin nan, na gano sirrin da ya ɗaga su. Kin ga tafiyarsu? Fir-fir-fir, kamar kajin da aka watsa wa tsaba. Kin ji wani ya yi magana? Ko tari babu. Kin ga mai jan kaya ko kore? Baƙi da fari kawai suke sawa, don kada ado ya ɗauke musu hankali."

Na sake dubawa. Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Na ce, "Idi, ai har bishiyar da ke bayan taga baƙa da fara ce."

"Ƙasa ce mai tsari, Inna."

Daga nan ya fito da abin da ya kawo shi. Shi zai riƙe abincin bikin Zahida, a kan tsarin Amurka ta wancan zamani. Na ce a'a. Yayansa Ubaidullahi, wanda bai taɓa iya cewa a'a ga kowa ba, ya ce a bar yaro ya gwada, alhali yaron nan furfura ta fara fito masa a gemu. Na sake cewa a'a. Sai Idi ya sunkuyo ya ce, "Inna, Hajiya Mariyatu ba ta taɓa ganin irinsa ba. Za ta koma Hedzranawe baki buɗe." Na yi shiru ina kallon ƙafata. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin izini, ya fita yana fito.

Rigima ta fara daga kaya. Mata sun riga sun ɗinka anko, leshi ruwan goro. Idi ya ce a ninke shi, baƙi da fari za a sa.

Matarsa Sakinatu ta ce, "Biki za mu yi ko zaman makoki?"

"Ci gaba za mu yi, madam."

"To ka ci gaba kai kaɗai. Ni ankona zan sa."

Da ƙyar suka daidaita a kan cewa masu girki kaɗai za su rufa farin ƙyalle a gaba. Sai bayan an yanka ƙyallayen an raba Sakinatu ta gane zannuwan gadonta ne, waɗanda ta zo da su gidan aure. Abin da ta ce masa a ranar ba zan maimaita shi ba. Shi kuwa ya samo baƙin wando mai igiyoyi biyu da ake ratayawa a kafaɗa, da farar riga, da wata baƙar hula mai kama da kifaffen kwano da ya tsinta a bayan wata mota. Da ya fito yaran unguwa suka bi shi suna kukan zabo.

Ana jajibirin biki ya kawo bel. Tsohuwar roba ce da aka jefar a tashar jirgin ruwa, tsawonta daga ƙofar gida har gindin mangwaro. Ya jera bencuna, ya ɗora bututun ruwa a kansu, ya shimfiɗa robar. Injin da zai ja ta kuma babur ne, na maƙwabcinmu Ayouba mai zemijan, wato mai ɗaukar mutane a babur. Suka ɗora babur ɗin a kan bulo, suka cire tayar baya, suka naɗa bel a ƙafar. Babur yana kallon bango, Ayouba ma yana kallon bango.

"Tunda ba magana," in ji Idi, "ta madubi za ka riƙa kallona. Ka ga na ɗaga hula, ka ƙara wuta."

"In ana so in tsaya fa, patron?" in ji Ayouba, don haka yake kiran duk wanda ya ɗauke shi aiki.

"A Amurka ba a tsayawa."

Aka yi gwaji da takalman mutanen da suka taru kallo. Ayouba ya murɗa, takalma suka tashi. Ɗaya ya haye katanga ya faɗa gidan Malam Taufiq, sai muka ji muryarsa daga ciki yana tambayar wane marar kunya ne ya jefe shi yana alwala. Wani tsoho ya koma gida da takalmi ƙafa ɗaya.

"Gudun ya yi daidai," in ji Idi. "Takalmi ne ba shi da nauyi. Shinkafa za ta zauna."

Da safiyar biki ya tara mata a bayan gida ya raba musu aiki. Wannan wankin shinkafa kawai, wannan hura wuta kawai. Sakinatu juya miya. Hanane, ƙanwar Sakinatu, aikinta buɗe murfin tukunya ta duba ko ta nuna. Maƙwabciyarmu Assana aka ba gishiri.

"Duk tukunyar da kika ga an buɗe, ki zuba ludayi ɗaya. Kada ki yi tunani. Tunani nawa ne."

"Wa zai ɗanɗana?" in ji Assana.

"Kin ga wani yana ɗanɗana mota a majigin? Daga yanzu shiru."

Ya rataya usur a wuya. Duk wadda ta buɗe baki sai ya busa mata a kunne.

Assana mace ce da ko a masallaci sai an yi mata tsawa kafin ta yi shiru. Hana ta magana ya ƙona mata rai, don haka ta yi abin da aka ce mata daidai, ba ragi ba ƙari. Hanane ta buɗe tukunya ta leƙa, Assana ta zuba gishiri. Jim kaɗan Hanane ta sake buɗewa, Assana ta sake zubawa. Hanane kuwa yarinya ce mai zumuɗi, ba ta iya barin murfi ya huta. Sakinatu ta ga abin da ke faruwa ta ce, "Idi, gishirin nan..." Ya busa usur. Ta ce, "To," ta ci gaba da juyawa.

Ni ina ɗaki. Tun da nake ban taɓa jin an yi girkin biki shiru ba. Girkin biki a Zongo daga bakin titi ake jin sa, da shewa da gulma da faɗa a kan wanda ya ɓoye hanta. Ranar nan ba abin da nake ji sai ƙarar wuta da usur. Na ƙwala kira.

"Idi! Mutuwa aka yi?"

Ya leƙo da hularsa. "Zamani ne ya shigo, Inna."

Aka ɗaura aure, aka yi sallar azahar, dangin ango suka iso cikin motoci. Aka fito da ni a kujera aka ajiye a inuwa. Baƙi suka tsaya suna neman tabarmi, babu ko ɗaya. Idi ya sa an naɗe su duka an kai ɗaki.

"Jama'a, layi! Babba da yaro, layi ɗaya. Kowa ya tsaya a bakin bel, farantinsa zai zo ya same shi."

Dattawa suka kalli juna. A nan ba a taɓa sa mai furfura ya tsaya jiran abinci ba. Zama yake yi, a kawo musu tire ɗaya shi da sa'anninsa, su sa hannu tare. Liman ya shiga layi don kada a ce ya kawo rigima, amma fuskarsa kamar wanda aka kai asibiti allura. Idi ya jawo ango ya tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da Ubaidullahi. Yaron da ko ruwa ba zai sha a gaban surukinsa ba, aka ce ya tauna nama a gefensa. Samir ya sunkuyar da kai, Ubaidullahi ya ɗaga nasa yana kallon mangwaro, kowa na addu'a kada abincin ya iso.

Sai ga Hajiya Mariyatu. Farin leshi ta sa tun daga sama har ƙasa, irin wanda ake ajiyewa a ƙasan akwati. Ta dubi bel, ta dubi babur, ta dubi Idi, sannan ta dube ni.

"Kulsum, gidan biki muka zo ko garejin gyaran mota?"

Idi ya tare ta da murna. "Hajiya, duk taron nan ke kaɗai kika fahimci tsarin. Fari tas! Bismillah, ga layi."

"Ni in bi layi? Gidan yari ne? Yaro, tun kafin a haife ka abinci ke zuwa ya same ni inda nake zaune."

"Haka za a yi, Hajiya. Yau da ƙafarsa zai zo."

Ya ɗauko kujera mafi kyau a gidan ya dasa a ƙarshen bel, daidai inda robar take juyawa. Ta zauna ta gyara leshinta, ta ɗora jaka a gefe.

Mata huɗu suka tsaya a farkon bel. Hanane na ajiye faranti, Assana na zuba shinkafa, Sakinatu miya, wata kuma nama. Idi ya busa usur, Ayouba ya ta da babur. Kuma gaskiya zan faɗa, farantin farko ya tafi a hankali, shinkafa ta hau, miya ta hau, nama ya hau, ya iso gaban liman ya ɗauka. Mutane suka ce, "Kai!" Har ni na ɗan gyara zama. Na saci kallon Mariyatu, na ga bakinta ya fara buɗewa.

Da Idi ya bar shi haka, da yau wani labari nake bayarwa. Amma ya ciro waya ya kalli majiginsa, ya kalli bel, ya girgiza kai.

"Wannan tafiyar hawainiya ce. Ba haka suke yi ba."

Ya ɗaga hula.

Ayouba ya gani a madubi, ya murɗa. Faranti ya wuce Assana kafin ta juye ludayi, shinkafa ta zuba a kan roba tsirara. Sakinatu ta bi shinkafar da miya. Mai nama ta jefa tsoka tana neman farantin da ya riga ya yi nisa. Masu layi suka fara kai hannu suna cafke iska. Wani ya kama faranti babu komai a ciki, ya tsaya yana kallonsa. Wata tsoka ta yi tsalle ta faɗa aljihun rigar Malam Taufiq, ya dafe aljihun ya ce, "Alhamdu lillahi, an biya ni jifan takalmin jiya."

Can sai Allah ya haɗa faranti ɗaya da shinkafa da miya da nama gaba ɗaya. Ya taho a guje, ya wuce liman, ya wuce ango da surukinsa da suka yi kamar ba su gan shi ba, ya kai ƙarshen bel ya tashi sama. Ya sauka a cinyar Hajiya Mariyatu a kife. Miyar manja ce.

Idi ya rikice. Ya cire hula yana kaɗa ta sama da hannu biyu don a tsaya. Ayouba ya ga hula na rawa a madubi, ya ce lallai patron wuta yake so sosai, ya murɗa har ƙarshe. Babur ya yi kuka. Faranti na biyu ya sami Mariyatu a ƙirji, na uku ya tafi da ɗankwalinta. Ta buɗe jaka ta kare fuska, shinkafa ta cika jakar. Hanane kuwa ba ta daina ajiye faranti ba, tunda ba wanda ya ce ta daina.

"Ayouba! Tsaya! Arete!"

Assana ta ce, "Mesiye Idi, an hana magana," ta juye wani ludayin.

Ayouba na cikin hular kwano, ga ƙarar inji, bai ji komai ba. Idi ya yi tsalle ya faɗa kan bel da nufin danne ta da ƙirjinsa. Igiyar wandonsa ta maƙale a ƙugiyar da aka ɗinke robar da ita. Bel ta ɗauke shi. Ya wuce gaban dangin ango ɗaya bayan ɗaya, rub da ciki a cikin shinkafa, ƙafafu a sama, usur a baki yana busawa da kowane numfashi. Yara suka bi shi a guje suna ihu. Ya kai ƙarshe, igiya ta tsinke, ya dira a gaban Hajiya Mariyatu da tsokar nama manne a goshi.

Likita ya ce kada in taka ƙafar nan. Na taka ta. Na dogara sandata har wurin babur, na ƙwanƙwasa hular Ayouba da ƙarfi. Ya juyo ya ga abin da ke bayansa, ya kashe inji, ya ce, "Inna lillahi."

Wuri ya yi tsit. Mariyatu ta sauke jaka daga fuskarta. Farin leshi ya koma ja da ruwan ɗorawa. Ta lakaci shinkafa daga cinyarta ta kai baki, ta tauna sau ɗaya, idonta ya kawo ruwa.

"Kulsum, teku kuka dafa mana?"

Liman, wanda ya daɗe riƙe da farantin farko yana neman inda zai ajiye ba tare da an gani ba, ya ce, "Dama ina so in yi magana."

Samir ya ɗauki wayar Idi daga ƙasa ya goge ta da hannun riga. Ya kalli majigin, ya yi ƙasa da murya, amma shirun da aka yi ya sa kowa ya ji.

"Baffa, ai ba sauri suke yi ba. Na'urar ɗaukar hoto ta lokacin ce take nuna su haka. Kuma ba ta ɗaukar murya, ba ta ɗaukar launi. Suna magana, suna sa kaya masu kala."

Idi ya ɗago kai daga ƙasa, shinkafa na zuba daga gemunsa. "Na sani mana. Gwada ku nake yi."

Na juya wurin Mariyatu. Shekarun da muka yi muna harara ban taɓa ba ta haƙuri a kan komai ba, kuma na san gobe duk Adawlato za ta ji cewa gidan Kulsum sun yi wa baƙi wanka da miya sun sallame su da yunwa. Na buɗe baki zan fara. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Ta nuna Idi da yatsa.

"Wannan ma a cikin abincin yake, ko shi na kallo ne?"

Ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Dangin ango suka ɗauka, dattawa suka ɗauka, Ubaidullahi da surukinsa suka juya wa juna baya kowa yana tasa dariyar. Da ta lafa ta jawo hannuna ta ce a hankali, "Autanki ne?"

"Shi ne."

"Nawa autan yana gida. Na kulle shi da kaina don kada ku gan shi. Bara ya ce zai koya wa tumaki hawa bene."

Ban yi dariya ba, don ba halina ba ne, amma na ce a ba Hajiya zanena mafi kyau ta sauya.

Sauran aikin unguwa ce ta yi shi. Sakinatu ta cire zanen gadonta daga gaba ta leƙa gida-gida. Ba a jima ba tukwane suka fara fitowa, wannan shinkafa da wake, wannan tuwon masara da miyar kuɓewa, wata ta kawo soyayyar doya. Aka tsame naman daga miya aka wanke shi aka sake soyawa. Mariyatu ta ɗaura zanena ta shiga bayan gida tana ba da umarni kamar gidanta, Assana kuma ta rama duk maganar da aka hana ta tun safe. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kai wa dattawa tirensu, aka kai ango can ɗakin abokansa inda surukinsa ba zai ga bakinsa ba. Bayan la'asar kowa ya ƙoshi. Na zuba wa Mariyatu nama da hannuna har ta ce ya isa, na ƙara mata. Da za ta tashi sai da mutum biyu suka kama ta.

Da baƙi suka watse na ga Idi yana lallaɓawa zai fita. Na kira shi. Na nuna masa tulin faranti da tukwane a bakin famfo, na gidanmu da na maƙwabta, da doguwar robar nan da manja ya bi ta tun daga farko har ƙarshe.

"Inna, wannan ai aikin mutum goma ne."

"Kai ka ce kowa aiki ɗaya. Naka ke nan. Ba sai ka motsa ba, za a riƙa kawo maka."

"Amma Inna..."

Na ɗauki usur ɗinsa na busa.